Shekarar da Na Ƙi Walda

Kun sha jin labarin nan daga bakin kawunku Bello, kuma duk lokacin da ya ba da shi sai ya ƙara masa gishiri. A bakinsa, ni ne mutumin da ya bar shinkafar surukinsa a bakin gulbi, ruwa na tahowa, ya tsallaka Benin yawon kasuwa saboda tsabar maƙo. Kukan yi dariya, ni ma nakan yi, don ƙanin mata yana da wannan damar a kan mijin yayarsa. Amma tunda na zauna ina rubuta muku abin da na gani a rayuwa, gara ku ji shi daga bakina, yadda ya faru.

A lokacin shago ɗaya gare ni a Bagudo, na kayan gyaran mota, mafi yawansu tsofaffi waɗanda ake shigowa da su ta iyaka. In kaka ta yi kuma nakan sayi shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, a hannun manoma in kai wa masu injin casa. Mota ɗaya na mallaka, ta ɗaukar kaya irin wadda ake kira kanta, Bello ke tuƙa ta. Ba sabuwa na saye ta ba, gawa na saya na tashe ta da kaina, yau wannan ƙarfe gobe wancan. Gabanta da injinta na Japan ne, amma aksul ɗin baya, wato ƙaton ƙarfen nan da ƙafafun baya ke juyawa a bakinsa, daga wata tsohuwar motar Faransa aka ciro shi a tsallake, don ya fi ɗaukar nauyi. Haka yawancin motocin yankinmu suke, kowace gaɓa da ƙasar da ta fito.

Kakanku, mahaifin Innarku, yana zaune a wata tunga can ƙasa da Kaoje, cikin fadama. A shekarar gulbi ya ciko da wuri. Mutanen tungar suka yanke shinkafa tun ba ta gama bushewa ba, suka sussuke, suka ɗura a buhuna, suka jibge a masussuka. Hanyar fita ɗaya ce, kuma tana ratsa wani kwari da ruwa ke fara cikawa kafin ko'ina. Manyan motoci ba sa shiga, amalanken shanu kuma ba za su kwashe abincin gari guda kafin ruwa ya iso ba. Na yi wa Baba alkawari cewa motata za ta kwashe musu, tasa da ta makwabtansa, har da wadda ni ma na saya a can. Saboda alkawarina ba su nemi kowa ba. Wannan shinkafa ita ce cin shekararsu, ita ce irin baɗi.

Bello ya yi sawu kaɗan lafiya. Sai wata hantsi ya kira ni ya ce ƙafar baya ta dama ta yi zafi har tana hayaƙi, ya lallaɓa da ita ya kai garejin Na-Allah a Kaoje. Na rufe shago na hau babur. Na tarar sun riga sun cire ƙafar. Boris ne, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da ƙafa ke juyawa a kansa, ya ƙone ya kama ƙarfe, shi kuwa Bello, don sauri, ya ɗauki babbar guduma ya dinga dukan bakin aksul har abin ya fita. Boris ba matsala ba ne, akwai shi a shagona. Matsalar tana ga tiredi, wato zanen nan mai zagaye da noti ke bi ya ɗauru. Guduma ta tauye bakinsa, layukan farko sun kwanta a kan juna. Babban notin da ke riƙe da ƙafar gaba ɗaya ya ƙi hawa, ko ya hau sai ya karkace.

Na-Allah ya goge hannu a wando ya ce, "Maigida, wanga ba abin tsayawa ba ne. Mu buga notin da guduma shi shiga, in ɗana mashi walda. Kafin la'asar mota na bisa hanya."

Na ce, "In boris ya sake ƙonewa fa, da mi za ka kwance?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ranar ta zo mu yanke da wuta."

Bello ya ce, "Yaya, kowa haka yake yi. Motar da ba ta ga walda ba a garin ga, ai ba ta fara aiki ba."

Na ce, "Kai dai ka yi shiru, mai guduma. Da ƙarfe na kai ƙara, da yau kana gaban alƙali."

Gaskiya ne kowa haka yake yi, kuma sau da yawa akan tsira. Amma ni mai sayar da kayan mota ne, wurina waɗanda ba su tsira ba suke zuwa sayen abin da ya rage. Na san zafin walda yana kashe taurin ƙarfe, yana narkar da giris, kuma notin da aka liƙe ba a iya ƙara masa ɗauri ko a sassauta shi daidai da boris. Na ga motar da tayarta ta fita ta wuce ta a guje. Sannan na san mutanen tunga. In aka ɗora buhuna, mata da yara da tsofaffi a saman kaya suke zama, ba mai hana su, ga hanya duk rami. Na ce wa Na-Allah ya rufe bakin aksul da tsumma, kada kowa ya taɓa, har in dawo.

Hanyoyi uku ne a gabana in ban da walda. In sayi wani aksul ɗin, wanda sai an aika Kwatano, kuma kuɗinsa zai cinye jarin shagon. Ko a kwance wannan ɗungurungum a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a Birnin Kebbi, a bi layi, a dawo, a ɗaura, kafin nan ruwa ya gama aikinsa. Ko kuma in nemo dayis, ƙarfen da ake murzawa a kan tiredin da ya lalace ya tashe shi. Na taɓa ganin ana aiki da shi a garejin manyan motoci a Sakkwato, amma a yankinmu ba mai shi mai girman bakin aksul. Na kira wani abokin cinikina a can. Ya ce akwai cikakken akwati, in faɗa masa sunan motar ya ba direban haya ya kawo mini. Da ya faɗi kuɗin sai na ga kaɗan ya rage ya kai na aksul. Kuma wane suna zan faɗa masa? In na ce kanta, zai aiko da awon Japan, ƙafata kuwa ta Faransa ce. Abin da ban gwada da hannuna ba, in ya iso bai hau ba, na yi asarar kuɗi na yi asarar lokaci. Na yi masa godiya na kashe waya.

Da yamma na koma gida. Labari ya riga ni, don Bello ya kira yayarsa ya kai ƙarata. Innarku ta ajiye mini abinci ta zauna nesa kaɗan. Da na wanke hannu sai ta ce:

"Malam, an ce ka hana a gyara mota."

"Na hana a liƙe ta. Gobe zan tsallaka Benin, kasuwar Malanbil, in nemo abin gyaran."

"In ba ka samu ba fa?"

"In dawo mu yi waldar, in hana kowa hawa, ni in zauna kusa da Bello."

Ta janye kwanon gefe. Sannan ta ce, "Shinkafar ta ubana ce, direban ƙanina ne. Ko ta ina abin ya ɓaci, gidanmu za a yi kukan. Ka tafi, amma don Allah kada ka tsaya dogon cinikin nan naka."

Na ce to. Ta san ba zan iya ba.

Da sassafe na biya ta Kaoje, na sa notin a aljihu, na bi ta Illo. Kafin in kai iyaka saƙon Baba ya same ni ta bakin Bello. Kun san suruki ba ya yi wa mijin 'yarsa faɗa baki da baki. Cewa kawai ya yi a gaishe ni, a kuma faɗa mini ruwa ya kai gindin giginyar bakin kwari. Na san giginyar, na san tazararta da hanya. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A kasuwar Malanbil ban fara da masu sayar da dayis ba. Layin 'yan gwangwan na nufa, inda ake yanka matattun motoci. Dalili kuwa, noti rami ne, dayis ma rami ne, ba yadda za a gwada ɗaya a kan ɗaya. Sai da na bi tarin ƙarafa ina ɗora notina a kan kowane bakin aksul da na gani, har na samu wani guntu da aka yanke, noti ya bi shi sumul har ƙarshe. Na saye shi a kuɗin ƙarfen kilo. Yanzu ina riƙe da ɗan'uwan ƙafar motata a hannu.

Mai kayan aikin da aka nuna mini wani Bakatsine ne, Malam Lawal, ya daɗe a can har Dandanci ya kama bakinsa. Da ya ji harshena ya gane Bakabe ne, sai wasan da ke tsakaninmu ya tashi.

"A'a, yau bawana ne da kansa? Me Bakabe ya sani ban da kifi? Ko ƙugiya ka zo saya?"

Na ce, "Na zo in ga abin da ya kori ubangidan ƙarya daga Katsina har ya ƙare a bakin gulbinmu. Fito da dayis na bakin aksul, duk irin da kake da shi."

Ya fito da iri uku. Na farko babban akwati ne ja, dayis jere a ciki kamar haƙoran amarya, tun daga na keke har na tirela. Ƙarfen kirki ne, ban musa ba. Amma na lissafa, a cikinsu waɗanda za su taɓa hawa motocin yankinmu ba su fi 'yan kaɗan ba, sauran zan biya kuɗinsu ne su yi tsatsa. Na biyu shi ma akwati ne cike, yana ƙyalli fiye da na farko, kuɗinsa kuwa kamar kyauta. Na uku 'yar jaka ce ta tamfol, dayis kaɗan a ciki, duk manya, baƙaƙe, ba kyan gani, kuma kowanne rabi biyu ne da ake haɗawa da ƙananan kusoshi. Kuɗinsa yana tsakiya, ya fi kusa da mai arha.

Malam Lawal ya tura mini mai ƙyallin. "Wannan ne daidai aljihun Bakabe."

Na ce ya ara mini guduma. Na ajiye guntun aksul ɗina a ƙasa, na dake bakinsa kamar yadda Bello ya yi, har tiredin ya kwanta. Makwabtansa suka fara leƙowa.

"Kai, lafiya? Ka sayi abu ka fasa a ƙofar shagona?"

"Gwaji za mu yi. Wanda ya tashe shi, shi zan biya."

"In ka lalata mini kaya fa?"

"In kayan kirki ne, tsohon ƙarfe ba zai lalata shi ba. In ya lalace, ka gode mini na nuna maka abin da kake sayar wa bayin Allah."

Mutane suka yi dariya, ya rasa hanyar ƙi. Na ɗauki mai arhar, na fara goga magagari a gefensa. Magagari ya ci shi kamar sabulu. Ƙarfen da zai gyara ƙarfe dole ya fi shi tauri, wannan kuwa ko kusa. Duk da haka na ɗora shi. Matsalarsa ta biyu ta fito nan take: zobe ne guda, dole daga baki zai fara, daidai inda ɓarnar take, ba shi da layin kirki da zai bi. Ya hau a karkace, na murza kaɗan, haƙoransa suka kwanta. Da a kan motata na yi wannan, da ya yanka sabon layi a kan tsoho, sauran tiredin ma ya tafi. Na babban akwatin magagari bai kama shi ba, amma shi ma zobe guda ne, daga baki yake farawa.

Sai na ɗauki baƙin. Magagari ya zame a kansa yana ƙara. Na raba shi biyu, na zagaya da shi can ciki inda tiredi yake da lafiya, na haɗa, na ɗaure kusoshin, na ɗiga baƙin mai, na fara murzowa waje. Da yake a kan layin asali ya zauna, shi ya biyo har ya iso wurin ɓarnar, ya dinga tashe shi yana zubar da ɗan garin ƙarfe. Da ya fita ta baki na ɗora notina da yatsu biyu, ya shige.

Malam Lawal ya ɗauki guntun ya juya shi, ya ce, "Wallahi shekara nawa jakar nan tana nan, ba wanda ya taɓa tambaya. Yanzu da na ga aikinta, kuɗinta ya ƙaru."

"To ka haɗa da kuɗin koyarwa ka cire. Ni ne malaminka yau."

Mun ja ciniki, ban ɓoye muku ba, duk da gargaɗin Innarku. Amma ban bar wurin ba sai da na gwada kowane rabi da abokinsa, na tabbatar ba a haɗa na wani awo da na wani ba, na kuma sa ya ƙara mini kusoshin ɗauri, don abu ƙarami irin wannan in ya faɗi a yashi aiki ya tsaya. Ya rako ni bakin layi yana cewa in gaishe da kifaye. A hanya saƙo na biyu ya zo: Baba na gaisuwa, ruwa ya wuce giginya, ya fara lasar hanya.

Na iso Kaoje rana ta karkata. Na-Allah ya karɓi jakar ya leƙa, ya taɓe baki.

"Wanga ɗan abin ka tai ƙasar waje ka ɗauko?"

Bello ya ce, "Ai na ce maka, da ya ga mai tsada sai da zazzaɓi ya kama shi."

Na durƙusa da kaina, na wanke bakin aksul da kananzir, na haɗa dayis a bayan ɓarnar. A kasuwa ban damu ba, don guntun gwangwan ne. A nan kuwa sai da na yi bisimilla sau biyu. Na murza, ya tafi da sauƙi, sannan ya cije. Bello ya miƙo hannu zai taya ni da ƙarfi, na buge hannun. In ya cije sai a koma baya kaɗan, a ƙara mai, a sake zuwa. Haka na dinga yi, gaba kaɗan baya kaɗan, gumi na ɗiga a kan ƙarfen, har na ji ya saki ya faɗo a tafina. Na miƙa wa Na-Allah notin na ce ya ɗora. Ya ɗora, ya juya da yatsa, noti ya tafi har gindi ba gargada. Ya kwance ya sake ɗorawa, kamar bai yarda ba. Sannan ya ce a kawo sabon boris da giris, ya ɗaure shi daidai, ya sa makullinsa.

Washegari tun da asuba muka shiga, ni ma na bi su. Ruwa a kwari ya kai ƙauri. Baba yana tsaye a masussuka da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi hanya, bai ambaci mota ba ko da kalma. Na ce a fara da buhunan matan da ba su da maza, sai nasa, sai na sauran, nawa a ƙarshe. Duk sawun da muka yi, in muka fita tudu sai in sauka in dafa cibiyar ƙafar in ji ko ta yi zafi. Bello yana ta mita wai ina ɓata masa lokaci da shafa mota kamar mai jinya. Kowane dawowa ruwan ya ƙaru. Ya kai gwiwa, ya kai cinya, har ya fara shiga ƙarƙashin ƙofa.

Sawun ƙarshe da kwarin ya yarda mana, mutane ne a saman kaya: tsofaffi, mata da goyo, awaki, tukwane, Baba a gaba tsakanina da Bello. A tsakiyar ruwa ƙafar dama ta faɗa rami, motar ta kwanta gefe, mata suka sa salati. Duk nauyin ya koma kan notin nan. Na ji injin ya yi gurnani, ƙafar ta murza laka, ta kama, muka fito. Bello bai tsaya ba har muka hau tudu.

Shinkafata ba ta fito ba. Da Bello ya juya zai koma, kwarin ya riga ya zama gulbi. Masu kwalekwale sun tsamo mini abin da suka iya, jiƙaƙƙe, rabinsa ya tsiro kafin ya bushe. Wannan asara ita ta sa ƙarin shagon da na yi niyya a shekarar bai yiwu ba, ita ta sa Innarku ta ƙara shekara tana dafa abinci a rumfar kara. Da na yarda da walda, wataƙila da an kwashe har da tawa. Wataƙila kuma da a ramin nan ƙafar ta rabu da mu ga mutane a saman kaya. Ban sani ba, kuma na gode wa Allah da bai nuna mini ba.

A makarantar da aka sauke mutanen tungar, bayan an gama jera buhuna a baranda, na zagaya bayan mota na dafa cibiyar ƙafar. Ɗumi kawai, kamar goshin mai lafiya. Nan na zauna a ƙasa na jingina da taya, kayana duk laka. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Mata sun riga sun kafa murhu, ana ta daka. Can sai na ga inuwa a kaina. Baba ne da kansa, riƙe da kwano, shi da bai taɓa miƙo mini ko ruwa hannu da hannu ba. Na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna. Ya ajiye kwanon a gabana ya buɗe, tururin shinkafa ya tashi.

Ya ce, "Ci. Ta bana ce."